Maigida ya rantse ba zai ƙara biyan ƙungiyar unguwa ko sisi ba

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki ne daga wata unguwa a bayan garin Houston, jihar Texas ta Amurka. Shekara biyu ke nan da muka sayi gida da bashin banki, bayan mun yi shekara bakwai muna haya. Unguwar tana da ƙungiyar masu gidaje, HOA suke ce mata, muna biyan ta dala 900 duk shekara. Wata huɗu da suka wuce na haihu, Inna ta zo daga Zariya don ta kula da ni. Tun zuwanta takardu ba su daina shigowa ba. Ta farko, wai ta shanya zannuwa da kayan jariri a kan shingen katako na gefen gida. Ta biyu a kan ranar suna ce, rumfar da muka kafa a ƙofar gida da motocin baƙi. Ta uku, kwandon shara ya kwana biyu a bakin titi. Yanzu tara ta kai dala 450. Maigida ya rantse ba zai biya ba, kuɗin shekara ma da ake biya a Janairu ya ce sun gama ganinsa. Ya ce gidansa ne, da guminsa ya saya. Ya ce fitilun Kirsimetin maƙwabcinmu sun kai watan Maris a rataye ba wanda ya ce masa kanzil, mu don an ga hijabi ne. In suka matsa, wai zai sayar mu koma Ingila wajen wansa, ko mu tattara mu koma Abuja. Wata ƙawata kuma ta ce suna iya ƙwace gidan. Da gaske ne? Ba na iya barci. Yaya zan yi da shi?

Mai jego, daga Texas

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Ki gaishe min da Inna, ki yi mata sannu da zuwa ƙasar da ake ƙirga wa kwandon shara kwana.

Bari in fara da abin da ya hana ki barci. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, amma rabin zance ta kawo miki. A Texas ƙungiyar masu gidaje tana iya sa a yi gwanjon gidan mutum, ko da shi ne gidan da yake ciki da iyalinsa. Kotun ƙolin jihar ta tabbatar da haka tun 1987. A 2001, a nan Houston ɗinku, wata tsohuwa mai shekara 82 da mijinta ya rasu ta wayi gari an sayar da gidanta da ya kai dala dubu 150 a kan dala dubu 5, alhali asalin bashin da ake bin ta bai kai dala dubu ɗaya ba. Sai da jaridu suka yi ca, aka shiga kotu, sannan gidan ya dawo hannunta. Wannan abin kunyar ne ya sa majalisar jihar ta yi dokar kare masu gidaje a wannan shekarar, aka kuma yi ta ƙara mata ƙarfi daga baya.

Dokar nan ta raba kuɗi gida biyu. Akwai tara, akwai kuɗin shekara. Idan abin da ake bin ku tara ce kawai da ladan lauyan da ya biyo bayanta, ƙungiya ba ta da ikon sayar da gida a kanta. Kuɗin shekara kuwa shi ake ɗora wa gida a matsayin bashi, da shi ake zuwa gaban alƙali a nemi izinin gwanjo. To kin ga inda rantsuwar maigida ta faɗa. Dala 450 ɗin da ta ɓata masa rai ba ta isa ta taɓa rufin gidanku ba. Dala 900 ɗin da yake so ya huce a kanta, ita ce mai haƙora. Kuma ba a 900 take tsayawa ba: da ta wuce lokaci za a ɗora mata kuɗin jinkiri, a miƙa ta ga masu karɓar bashi, lauya ya rubuta wasiƙa biyu ya ɗora nasa ladan, kafin ku farga ta ninka kanta. Saboda haka ko me za a yi, kuɗin Janairu ya fita a Janairu. Ku biya ta hanyar da za ta bar shaida, ku rubuta a jiki cewa kuɗin shekara ne. Dokar ma tana bayanku a nan, domin ta ce duk abin da mai gida ya biya a fara cire kuɗin shekara a ciki, tara tana can ƙarshen layi.

Yanzu maganar "gidana ne". Gidansa ne, ba wanda ya musa. Amma tun kafin a aza tubalin farko a unguwar, kamfanin da ya yanka filayen ya rubuta sharuɗɗa ya kai su ofishin rajistar filaye na gundumar. Sharuɗɗan a jikin ƙasar suke, ba a jikin mutum ba, kamar dai gonar da burtali ya ratsa: ko sau goma aka sayar da ita, burtalin yana nan, sabon mai gona ba zai ce shi bai yi alkawari da kowa ba. Ranar da kuka zauna kuna sa hannu a kan tarin takardun nan, kuna ɗokin karɓar makulli, wannan tana cikinsu. Kusan ba mai karanta ta. Ni ban ga laifinku ba, amma kotu ba ta tambayar ko an karanta. Kuma ba ku kaɗai ba ne a ciki, irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura 350,000 a Amurka, mutanen da ke zaune a ƙarƙashinsu sun haura miliyan 70. Houston ma tata ta fi ta kowa, domin gari ne da ba shi da dokar da ta ware nan unguwar zama ce, can ta masana'antu. Sau uku ana kai maganar gaban masu zaɓe suna ƙin ta, na ƙarshe a 1993. Waɗannan sharuɗɗan ne suke hana wani ya buɗe garejin kanikanci ko gidan giya a jikin shingenku. Takardar da ta hana Inna shanya ita ce ta hana wannan.

Wani abin da ya kamata maigida ya sani: ƙungiyar ba gwamnati ba ce, ba kuma wasu baƙi ba ne. Shi ma ɗan ƙungiya ne, yana da ƙuri'a. Kwamitin da ke gudanar da ita maƙwabtanku ne, mutum uku ko biyar ko bakwai, yawanci 'yan fansho masu lokaci, ba a biyan su albashi. Su ne suke ɗaukar kamfanin da zai riƙa tura ma'aikaci ya zagaya unguwa a mota da kyamara, ya ɗauki hoton ciyawar da ta yi tsawo da kwandon da bai koma ciki ba, kwamfuta ta fitar da wasiƙa. Sau da yawa wanda ya ɗauki hoton bai san ko wane ne a gidan ba. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ga abin da nake so ki yi a makon nan, tunda ke ce a gida. Ki fito da takardun uku ki shimfiɗa su a kan tebur tare da kundin sharuɗɗan, in ya ɓace yana shafin ƙungiyar a intanet ko a ofishin rajista. Kowace takarda ki nemi layin da ta ce kun karya, ki karanta shi da idonki. Wani lokaci sharaɗin cewa ya yi kada a ga shanya daga titi, bai ce kada a yi shanya ba, kin ga da bambanci. Sannan ki duba yadda aka aiko su. Kafin a ci mutum tara a Texas dole a aika masa wasiƙar rajista, irin wadda ake sa hannu a karɓa, a faɗa masa laifinsa, a gaya masa yana da kwana 30 daga ranar da aka aika ta ya nemi a zauna a saurare shi. Idan laifin irin wanda ake gyarawa ne, kamar shanya da kwandon shara, dole a ba shi wa'adi, in ya gyara cikin wa'adin babu tara, sai fa in an taɓa yi masa gargaɗi a kan wannan laifin cikin wata shida da suka wuce. Taro kuwa ya riga ya wuce, ba a ba shi wa'adi, don haka ta ranar suna ta fi wuyar kaucewa. Duk da haka ki duba ko titin da motocin suka tsaya na gwamnati ne ko na ƙungiya, yana iya sauya lissafi.

Duk wadda kwana 30 ɗinta bai cika ba, ku nemi zama a rubuce, yau ba gobe ba. Doka ta ce su kira zaman cikin kwana 30, su kuma ba ku hotuna da duk hujjar da za su kawo kwana goma kafin ranar. Waɗanda lokacinsu ya wuce ma ku rubuta, ku ce an haihu a gidan, baƙuwa ce ta zo ba ta san ƙa'ida ba, an gyara, kuna roƙon a yafe. Kwamitoci da yawa suna yafe na farko, domin abin da suke nema a gyara ne. Wasiƙar ta zama gajeriya, ba zagi, ba wa'azi, ba tarihin mulkin mallaka. In maigida ne zai rubuta, ki karanta kafin ya tura. Idan kuma wata rana takarda ta zo da sunan ofishin lauya a samanta, wannan ta wuce shawarar Anti, ku nemi lauyan da ya san harkar gidaje a cikin makon.

Maganar hijabi ba zan watsar da ita ba, domin tsoron maigida yana da asali. Irin waɗannan sharuɗɗan na jikin fili da su aka yi shekaru ana hana baƙar fata da Yahudawa sayen gida a unguwanni da yawa na Amurka, sai a 1948 kotun ƙolin ƙasar ta ce kotuna su daina tilasta su, a 1968 kuma aka yi dokar da ta haramta wariya a harkar gidaje saboda launin fata ko addini ko ƙasar asali. Dokar ta hau kan ƙungiyoyin unguwa. Idan ana kawar da kai ga laifin wasu ana bin naku da kyamara, ƙara ce da ake shigarwa a ma'aikatar gidaje ta tarayya, kyauta, cikin shekara ɗaya da faruwar abin. Amma zato ba ya tsayawa a gaban kowa. Daga ina maigida ya san ba a aika wa mai fitilun takarda ba? Ba a liƙa ta a ƙofa, wataƙila shi ma yana can yana zagin kwamiti a kicin ɗinsa. In kuna son ku san gaskiya, ku yi wata biyu kuna ɗaukar hoton kwandunan da suka kwana a titinku da kwanan wata a jiki, ku je taron kwamiti, wanda doka ta ce a buɗe yake ga masu gidaje, ku tambayi takardu nawa aka aika a kan shara a bana. In ta tabbata ku kaɗai ake bi, kuna da hujja a hannu, kuma ni ce ta farko da zan ce ku shigar da ƙara. In ta tabbata rabin titin sun samu, maigida ya samu sauƙin zuciya, wanda ya fi dala 450 daraja. Af, ki gaya masa tun 2021 dokar Texas ta hana ƙungiya ta hana mutum sa alamar addininsa a gidansa ko filinsa. In azumi ya zo ya rataya fitilunsa da jinjirin watansa, ya ga ko wani zai yi magana.

Sai batun ƙaura. Na yi dariya da na zo nan, Allah ya yafe min, domin gudun gara ne za a faɗa gidan zago.

A Ingila, in ɗaki a bene zai saya, akasari ba ginin yake saya ba, haya ce mai dogon zango, shekara 99 ko 125, wani lokaci 999. Ƙasar da ginin na wani ne daban. Duk shekara akwai kuɗin hidima na gyaran rufi da inshora da share matakala, wanda kamfanin da mai ginin ya naɗa yake yankewa, tsofaffin takardu kuma har da kuɗin ƙasa, sai a watan Yunin 2022 aka hana sa shi a sababbi. Takardun hayar da yawa sun hana shanya a baranda, daidai laifin Inna. Kuma can bashin da ya haura fam 350 yana iya buɗe wa mai gini ƙofar zuwa kotu ya nemi a soke hayar ɗungurungum. A Texas ko ba komai ku kuke zaɓen kwamitinku, a Ingila sai mazauna sun haɗa kai sun bi wata doka da aka yi a 2002 kafin su karɓe ragamar gininsu. Ya tambayi wansa nawa ya biya bara, zai ji.

Sauran ƙasashe ma ba a tsira ba: a Faransa dokar masu ɗaki a bene tun 1965 take. Kowane mai ɗaki yana da kaso a ginin gwargwadon abin da ya mallaka, da kason ake auna ƙuri'arsa da abin da zai biya, ana taro sau ɗaya a shekara, wanda bai yarda da hukuncin taro ba wata biyu gare shi ya kai ƙara, in ya wuce shi ke nan. A Singafo, inda kusan kashi 80 cikin ɗari suke zaune a benayen gwamnati, tun 1989 hukuma ke ƙayyade yawan kowace ƙabila a kowane bene, har takan hana ka sayar wa wanda ya fi taya maka idan gurbin ƙabilarsa ya cika. Kyanwa ma sai a 2024 aka halatta ajiye ta a ɗakunan.

Jamus kuwa da jikina na sani. Shekara uku muka yi a Stuttgart lokacin da maigidana yake karatu, a hawa na uku na wani gida mai iyali shida. Haya muke yi, kamar fiye da rabin mutanen ƙasar, amma dokar gida ba ta bambanta ɗan haya da mai ɗaki, tana nan a liƙe a jikin bango kusa da akwatunan wasiƙa. Daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe ba hayaniya. Lahadi ɗungurungum ranar shiru ce. A yankin nan kuma suna da wata al'ada da suke kira Kehrwoche, makon shara: wani ɗan allo ne ake ratayawa a ƙofarka, in ka gan shi to makon nan kai ne da sharar matakala da goge ta, in babban mako ne har da bakin titi da wajen kwandunan shara, da kwashe ƙanƙara in lokacin sanyi ne. Ka gama ka rataya wa na gaba. Makona na farko na share na goge, ina ganin na burge. Da yamma tsohuwar hawa na ƙasa ta ƙwanƙwasa, ba ta ce komai ba, ta kama hannuna ta kai ni matakala, ta shafa yatsa a ƙarƙashin ƙarfen dafawa ta nuna min ƙura. Na koma ɗaki na yi kuka.

Wannan ma wasa ne. Da turmina na je, ɗan ƙarami, daga Kano. Wata Lahadi da azahar na ɗora shi a tsakar kicin na hau daka kayan miya. Ban yi minti biyar ba gidan ya ɗauka, ashe ginin gaba ɗaya yake amsawa. Washegari takarda a ƙarƙashin ƙofa, bayan mako ɗaya wata daga mai kula da gidan. Maigidana ya hau, irin hawan da naki ya yi, har kalmomin iri ɗaya ne: don mu baƙi ne, don an ga ɗankwali. Sai da muka ga an aika wa wani ɗan ƙasar, ɗalibi a hawa na biyu, irin takardar a kan injin wanki da ya kunna da dare, sannan ya sauko. Ni kuwa na koma daka ranar Asabar da hantsi, a ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, turmin a kan bargo ninki huɗu. Tsohuwar nan daga baya ita ta riƙa riƙe min yaro in zan je asibiti. Har muka taho ba ta daina duba ƙarfen matakala ba.

Abin da na lura da shi a can, ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Duk wadda ta zauna gidan haya a Kano ko Zariya ta san juyin wankin banɗaki da sharar tsakar gida, ta san faɗan da ake yi in wata ta tsallake ranarta. A unguwa akwai kuɗin 'yan sintiri, akwai karo-karon gyaran taransifoma, akwai ranar yasar kwata, wanda ya zuba ruwan wanka a hanya kuma zai ga ɗan aiken mai unguwa. Bambancin shi ne namu da fuska ake yi. Dattijo ne zai tare ka bayan sallar magariba ya ce wane, ana kuka da kai, kunya ta sa ka gyara, in ba ka da kuɗin wata a ɗaga maka ƙafa don an san halin da kake ciki. Nasu da takarda ake yi, takarda kuwa ba ta san an haihu a gida ba. Wannan ne yake yi wa maigida ciwo, ba kuɗin ba: a ce maƙwabci yana ganinka kullum ba zai tako ya yi maka magana ba sai dai ka ga ambulan. Ina tare da shi, akwai sanyin zumunci a cikin abin. Amma a faɗi gaskiya, namu na fuska shi ma yana da nasa zaluncin, domin mai kuɗi yakan toshe lungu da rumfar biki kwana uku ba mai iya tanka masa, talaka ya yi rabin haka a kira shi ƙofar mai unguwa. Takarda ko ba komai tana da layin da za ka nuna ka ce ba haka aka rubuta ba.

Abuja da yake ambato, in rukunin gidaje mai ƙofa da maigadi zai shiga, can ma kuɗin hidima na jiransa, na tsaro da gas ɗin janareta da famfon burtsatse da kwashe shara. A wurare da yawa ba wasiƙar rajista, ba kwana 30, sai dai ka dawo aiki ka tarar an cire maka wuta, ko maigadi ya ƙi ɗaga wa baƙinka sanda. Kuma sayar da gidan Houston ba ya goge bashin, a wajen cinikin za a cire wa ƙungiya haƙƙinta kafin ku ga canji.

In yana so ya san inda dala 900 ɗinsa take tafiya, wannan tambaya ce mai kyau, kuma yana da haƙƙin ganin littafin kuɗin in ya nema a rubuce. Ya duba nawa ake ba kamfanin, nawa ake kashewa a wurin ninƙaya da yankan ciyawa, nawa aka ajiye don babban gyara. Na ƙarshen nan ya fi sauran muhimmanci. Benen da ya rushe a Surfside ta jihar Florida a watan Yunin 2021 ya kashe mutum 98. Tun 2018 injiniya ya rubuta cewa ginin na da babbar matsala, aka yi ta ja-in-ja a kan kuɗin gyara, wanda ya kai dala miliyan 15. Naku ba bene ba ne, amma ƙungiyar da asusunta ya bushe wata rana za ta aiko wa kowa takardar kuɗin gaggawa. Mutum mai zafi irin maigida, a kwamiti ya kamata a gan shi. Tarukan nan sau da yawa ko adadin da ake bukata ba sa cikawa, mai ƙuri'a ashirin yana iya cin kujera. In dokar shanya ta dame shi, a ciki ake sauya ta. A Florida doka ce ma ta hana ƙungiyoyi haramta igiyar shanya.

To yaya za ki yi da shi? Kada ki tare shi da "ka yi kuskure", musamman a gaban Inna, domin surukarsa ce, kuma ina zargin rabin fushin nan kunya ce, a ce a gidansa aka ci surukarsa tara a kan zani. Ki bari ya ci abinci, jariri ya yi barci. Ki fara da inda yake da gaskiya: tarar ta yi yawa, kuma za ku yaƙe ta tare. Sannan ki nuna masa cewa wanda ya biya kuɗin shekararsa shi ke shiga zaman sauraro da ƙafar dama, wanda bai biya ba ya miƙa musu wuƙa da nama. Ba janyewa kike nema ya yi ba, fagen faɗan kike sauya masa. In ya ce ai ya rantse, addini ya riga ya buɗe masa ƙofa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi ta alheri, ya yi wanda ya fi alherin ya yi kaffara. Ciyar da miskinai goma ne ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumi uku, yana nan a cikin Ma'ida. Surar kuma da umarnin cika alkawari ta buɗe, hannun da ya sa a takardar nan alkawari ne. Wannan ba daga bakinki ya kamata ya fito ba in kin san zai ji nauyi, limaminku ko wansa na Ingila ya fi dacewa.

Tambaya ɗaya gare ki, ki amsa wa kanki. Kafin ranar suna, kun shiga gidajen da ke kusa da ku kun sanar da su? A Zariya ba za ki kafa rumfa a ƙofar gida ba tare da an bi maƙwabta da goro da alawa ba. Da yawanmu in mun fita waje sai mu ajiye wannan al'adar a filin jirgi, mu ce ai Turawa ba ruwansu da kowa, alhali ita ce ta fi yi mana amfani a can. Bai ɓaci ba. Ki soya cincin ko ki yi dambun nama, ki ɗauki jariri, ku bi gida huɗu na kusa ke da Inna, ki ce ga sabon maƙwabci, a yi haƙuri da cunkoson ranan nan. Taro na gaba ku sanar da kamfanin a rubuce mako biyu kafin ranar, ko ku kama zauren taron unguwar, da kuɗinku aka gina shi. Layya kuma in ta zo, a gona ko mahauta, kada maigida ya ce zai gwada bayan gida.

Ita kuwa Inna, kada a ce mata ita ta jawo tara, ba ta yi komai ba sai abin da ta saba yi shekara hamsin, kuma gaskiyarta ce, kayan jariri sun fi son rana a kan inji. Ki saya mata abin shanya na ƙarfe mai naɗewa, wanda tsayinsa bai kai shinge ba, ki duba kundin, in ganin titi kawai ya hana ki kafa mata shi a bayan gida. Kwandon shara kuma ki sa ƙararrawa a wayar maigida, ƙarfe bakwai na yammacin ranar kwasa. Ki rubuto min bayan zaman, ina so in ji nawa suka yafe.